Littafi ma zubin adashi yake so

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwana 'yan kasuwar Dan Issa da Jibiya da Konni da Illela, yau zan ɗan kauce wa zancen farashin gero da canjin naira da sefa, in kawo muku wata damuwa da ta daɗe tana cin raina, wadda kuma a wurinku na samo maganinta.

A watan Agusta na 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, aikin radiyo ya kai ni bakin iyaka sau da yawa. Na ga manyan motoci jere da kaya suna lalacewa a rana, na ga magidanta da suka ci bashi suka sayi haja suna zaune jugum. Abin da nake iya sa wa cikin labaru bai wuce minti biyu ba, sauran kuwa ya zauna mini a zuciya. Nan na ƙudura zan rubuta littafin hikaya a kan wani direba da rufe iyaka ya raba shi da iyalinsa da jarinsa. Na sayi kaye da bik, na rubuta shafi goma sha biyu cikin mako guda. Aka buɗe iyaka a Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, aka kuma buɗewa a Maris 2024, amma direbana yana nan tsaye a shafi na goma sha biyu.

In ka tambaye ni dalili, amsar a bakina take: ba lokaci. Da safe ina neman labari, da rana ina haɗa shiri, da yamma ga cefane, ga layin biyan kuɗin wuta, ga kai yaro likita, ga ɗauko wani daga lekol. Asabar da Lahadi kuwa ba nawa ba ne. In ba ɗaurin aure ba suna, in ba suna ba gaisuwar rasuwa, dare ya yi kuma abokai na jira a fada, shayi na bisa wuta. Kullum ina ce wa kaina in na samu sarari zan zauna. Shekara biyar sararin bai zo ba.

Wata rana na je ɗaukar hira da wata uwar adashi, tsohuwar 'yar kasuwa. Bayan mun gama, zance ya kawo zance har na kai mata kukana. Ta yi dariya ta ce, “Ɗana, ka taɓa ganin wanda ya zuba adashi da abin da ya rage bayan ya gama kashe-kashensa? Zubi ake fara cirewa, sannan a ci saura.” Na ce, “Hajiya, ai wannan kuɗi ne.” Ta ce, “To lokacin naka kyauta ake ba ka shi?”

Wannan ita ce maganar da nake so in tsaya a kanta. Duk mai burin rubuta littafi, ko koyon karatu, ko haddar wani abu, in ya ce sai ya gama hidimomin duniya zai waiwaye shi, to ya yi sallama da burin. Hidima ba ta ƙarewa. Dole a cire wa buri kasonsa tun da farko, ƙarami wanda ba zai gagara ba, a kuma riƙe shi kamar bashi.

Waɗanda suka share mana hanya ma ba zaman banza suke ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai cikin Hausa. Abubakar Imam yana malamin makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Balewa yana koyarwa a Bauci ya rubuta Shaihu Umar. Dukansu suna da aji da ɗalibai da dangi. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990, har aka fassara shi cikin Ingilishi a 2012. A nan Nijar, Abdoulaye Mamani ya sha gudun hijira da kurkuku, duk da haka ya ba mu Sarraounia a 1980.

Ga yadda na tsara nawa zubin. Daga dawowa sallar asuba, kafin in kunna salula, kafin yara su tashi, nakan zauna awa ɗaya in cika shafi ɗaya. Daga Litinin zuwa Juma'a ne kawai. Ku 'yan lissafi ne: shafi 5 a mako, cikin mako 52, shafi 260 ke nan. A cire watan azumi da kwanakin Sallah da ranakun rashin lafiya, har yanzu ana da kusan 200, wato littafi guda. Aike-aiken gida kuma na daina yin su a warwatse. Uwargida ta rubuta mini duk abin da ake bukata, in yi fita ɗaya ranar kasuwa, an huta da kuɗin kabu-kabu ma.

Sai batun ƙarshen mako, wanda nan ne gardama take. Wani abokina da ya yi lekol mai zurfi ya ba ni shawara in rufe ƙofa Asabar da Lahadi, in daina zuwa biki har sai na gama. Ban yarda ba. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda bai je wa mutane ba, ranar tasa shi kaɗai zai zauna a tabarma. Ku kun fi kowa sani, kasuwancin bakin iyaka amana ke riƙe da shi, amana kuwa a wurin suna da jana'iza ake ƙulla ta. Ban da haka, marubucin da ya guji mutane me zai rubuta? Rabin maganganun da ke bakin direbana a fada na tsince su.

Abin da na rage shi ne abin da ya wuce haƙƙi. Ɗaurin aure nakan je a shafa fatiha da ni, in gaisa, in taya murna, ba sai na kai la'asar ba. Gaisuwar rasuwa ba na wasa da ita. Fada kuwa daga kullum na mai da ita daren Asabar, domin wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana jiran shayi na uku, asubarsa ta barci ce. An yi mini ba'a, an sa mini suna Mushe Mai Littafi, har wani ya yi fushi na 'yan kwanaki. Yanzu su ne ke tambayata ko direba ya ƙetare iyaka.

Ba zan ɓoye muku ba, rubutun hikaya ba ya cika tukunya a ƙasarmu. Kada kowa ya saki sana'arsa saboda shi, iyali ne gaba. Sai dai akwai asarar da ta fi ta kuɗi. Dattawan da suka yi fatauci da jakuna da raƙuma tsakanin Damagaram da Kano suna ƙarewa, labarinsu na bin su kabari. Abin da muka gani a 2019 da 2023, in ba mu rubuta shi da harshenmu ba, jikokinmu za su karanta shi ne daga bakin wanda bai taɓa kwana a tasha yana gadin kayansa ba.

Saboda haka ina kira ga matasan da ke zaune a rumfuna, masu ƙunshe da labari a ciki, ku sayi kaye, ku tsai da awarku, ku fara zubi gobe da asuba. Nawa kayen yanzu yana shafi na 140, kuma in Allah ya yarda ɗauka ta kusa. Allah ya sa mu dace, ya ba da kasuwa mai albarka.