Hasashen kyautar fim: wa ke sa Nijar cikin lissafi?

Da zarar sanyi ya kama, daga watan Disamba zuwa ƙarshen Fabarairu, hirar masu sha'awar silima takan koma kan magana guda: wane fim za a zaɓa, wane za a bari a baya. A Tawa ma ana wannan hira, ko da yake ba ta kai ta farashin albasa ko ta kokowar Takobi zafi ba. Malamin makaranta mai bin labarai a waya yana da nasa gwani, ɗan kasuwar da ya zauna Abijan yana da nasa, akawun da ke jiran ƙarshen wata shi ma yana jefa baki. Ana kiran sunan Senegal, ana kiran Tunisiya da Maroko, wani ya ce bana ta Nijeriya ce. Abin da ba a cika ji ba shi ne wani ya ɗora hasashensa a kan Nijar. Kuma masu yin shirun ba su yi kuskure ba. Sun karanta alamun daidai.

Hasashen nan ba duba ba ne, lissafi ne. Dubi kyautar Oska ta Amurka, rukunin finafinan ƙetare. Kowace ƙasa fim ɗaya take turawa, ta hannun kwamitin da hukumar kyautar ta amince da shi. Dole a nuna fim ɗin kwana bakwai a jere a gidan silima na biya, dole kuma mafi yawan maganar cikinsa ta kasance ba Ingilishi ba. Kan wannan sharaɗi na biyu aka kori Lionheart na Nijeriya a 2019. Ƙasashe sama da 80 ke shiga kowace shekara, a tace su zuwa 15 a Disamba, a sake tacewa zuwa biyar a Janairu. Masu jefa ƙuri'ar ba za su iya kallon komai ba, saboda haka suna fara kallon abin da suka riga suka ji labarinsa. Wanda ke son ya ci hasashe sai ya yi tambaya uku: a wane babban biki aka fara nuna fim ɗin, wane kamfani ya saye shi don ya raba shi a Amurka, nawa kuma aka ware don talla. Kyan fim yana da nasa matsayi, amma sai an kai shi gaban ido kafin a ce yana da kyau.

Shekarar 2024 ta isa misali. Nijeriya ta tura Mai Martaba, fim na Hausa mai dawaki da sarauta, wanda aka ɗauka a Daura. An yi murna a Kano da Maraɗi, aka yi ta fata. Senegal kuwa ta tura Dahomey na Mati Diop, wanda tun watan Fabarairun shekarar ya ɗauki babbar kyautar bikin Balin ta Jamus. Da jerin 15 ya fito a Disamba, Dahomey na ciki, Mai Martaba ba ya ciki. Duk wanda ya san yadda ake dama furar bai yi mamaki ba. Kafin nan ma, a 2020, The Milkmaid, wanda shi ma yawancinsa da Hausa ne, bai tsallake tacewar farko ba. Nijar ta fara gwada sa'arta a 2018 da Zin'naariyâ na Rahmatu Keita, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ba a ce lissafi ba ya ɓata ba. A 2015 kowa ya sallama cewa Timbuktu na Abderrahmane Sissako, wanda ya shiga biyar ɗin ƙarshe a Oska, ya kuma kwashe kyautar Sezar bakwai a Faransa, shi zai ɗauki Ingarman Yennenga a FESPACO ta Wagadugu. Sai alƙalai suka miƙa shi ga Fièvres na Hicham Ayouch ɗan Maroko. A Wagadugu ƙaramin kwamiti ke yanke hukunci, ba dubban masu ƙuri'a ba, don haka ƙaramin fim yana iya kayar da babba. Sai dai ko a can, wanda bai shiga fili ba ba ya kada kowa.

A nan ne maganar ta zama ta Tawa. Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce a Wagadugu. Tana cikin ƙasashen da suka halarci bikin farko a 1969, kuma da aka ƙirƙiro Ingarman Yennenga a 1972, ɗan Nijar ne ya fara ɗaukarsa: Umaru Ganda, tsohon sojan Indoshin, tsohon ɗan dakon tashar jirgin ruwa ta Abijan, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, har yau kuma akwai kyauta mai sunansa a bikin. Shekara 50 da ƴan kai ke nan ingarman bai sake shan ruwan Kwara ba. Mali ta ɗauka, Burkina ta ɗauka, Nijeriya ta ɗauka a 2007 da Ezra, Somaliya da ke fama da yaƙi ta ɗauka a 2021.

Abokin tafiyar Ganda kuwa, Mustafa Alasan, a Tawa ya zaɓi ya ƙare aikinsa. Mutumin da ya yi Aouré tun 1962, ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966 inda samarin ƙauye suka sa hular kaboyi suka addabi iyayensu, ya kuma zana kwaɗo shugaban ƙasa mai son ziyarar ƙetare cikin Bon voyage Sim, a lokacin da jam'iyya ɗaya ke mulki kuma ba a wasa da shugaba. A 1972 ya fito da F.V.V.A., wato mace, gida, mota, kuɗi, kuma ma'aikacin gwamnatin da ya kalle shi yau zai ga kamar jiya aka ɗauka. A Tawa ya riƙe otel, ya mai da wani sashe nasa wurin aiki, yana haɗa ƴan tsanansa da hannunsa, daga baya ya koma zane da kwamfuta yana da furfura. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Bayan shekara biyu, babban gidan adana kayan fasaha na MoMA a birnin New York ya shirya nuna finafinansa a jere. Mai karatu ya tambayi kansa ko ɗan lise nawa ne a Tawa, ko Keita, ko Abalak, ya taɓa ganin ko da guda daga cikinsu.

A watan Oktoban 2024 hukumomi sun sa sunansa a kan tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai. Karramawa ce da ta dace, ba mai musu. Amma fenti a jikin bango ba ya ɗaukar fim.

Yadda aka kai nan sananne ne ga duk wanda ya yi aiki a shekarun 1990. Fim na wancan lokaci a Turai ake wanke shi, a can ake haɗa shi. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kuɗin wannan aiki ya ninka dare ɗaya, a daidai lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi na watanni. Gidajen silima suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kaset ɗin Indiya da na Kano suka shigo ta Ƙonni suka cika gurbin. Ƴan kasuwar da suka kawo su ba su yi laifi ba, sun sayar da abin da ake nema ne. Jingarai Maiga kaɗai ya san abin da ya sha wajen ci gaba da fitar da finafinansa a waɗannan shekaru. Har 2013 ba a shiga gasar Ingarma sai da fim na milimita 35, wanda ke nufin sai mai hanya da Faris. Wannan katanga ta faɗi a 2015, lokacin da aka karɓi finafinan da aka ɗauka da na'urar zamani. Uzurin tsada ya ragu ƙwarai tun daga nan, kuma bikin ya zagayo sau da dama.

Abin da ya fi ciwo shi ne labarin na nan, tutar ce ta wasu. Sarraounia, wanda ya ɗauki Ingarma a 1987, daga littafin Abdullahi Mamani aka yi shi, kan Sarauniyar Lugu da rundunar Voulet da Chanoine, rundunar da ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a 1899. Med Hondo ɗan Muritaniya ya so ya ɗauke shi a Nijar, hukumomin zamanin Kunce suka janye, Burkina ta Sankara ta buɗe masa ƙofa. A 2021 an nuna Marcher sur l'eau na Aisa Maiga a bikin Cannes, fim ne kan ƙishirwar mutanen Tatis a Azawak, arewacin wannan jiha, amma kuɗin Faransa da Beljiyam ne suka yi shi. Io Capitano, da ya shiga biyar ɗin ƙarshe na Oska a 2024, labarinsa ya ratsa ta Agadas, sunan Italiya ne a kansa. Ba laifi ba ne baƙo ya ga abin ɗauka a gidan mutum. Laifin na mai gida ne da ya zauna yana kallo.

To, in hasashe ake so, ga shi. Nijar ba za ta shiga jerin Oska ba a shekarun nan kusa, domin ba ta da ko ɗaya daga cikin abubuwa ukun da ake tambaya. In sunanta zai fito a wani jeri, ta ƙofar fim ɗin zahiri zai fito, wanda ake bin mutane da rayuwarsu ba tare da ƴan wasa ba, domin a nan ne ƴaƴanta suka nuna hannu, kuma shi ne mafi araha. Sani Magori ɗan Galmi ya yi Pour le meilleur et pour l'oignon a 2008, kan manomin da auren ƴarsa ya rataya a kan kuɗin albasa, ya kuma samu kyautar AMAA ta Nijeriya a 2009. Ya bi shi da Koukan Kourcia, kan zabiyar da waƙarta ta kora samari bida, aka kai ta har Abijan ta kira su gida. Babu gidan Ba'adaren da bai san wannan labari a jikinsa ba. A'isha Maki ta Damagaram ta ɗauki irin wannan kyauta a 2016 da L'Arbre sans fruit. Waɗannan ba sa'a ba ce, aiki ne, sai dai mafi yawan taimakon da ya tsayar da irin waɗannan finafinai daga waje yake zuwa.

Wajen nan kuwa ya ƙuntata. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda asusunta na finafinai ya daɗe yana tallafa wa masu fim na yankin nan. A cikin watan kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Mai goyon bayan matakin da mai adawa da shi duk za su yarda da abu ɗaya: wanda ya ce ya yaye kansa, sai ya nemi abin da zai ci. Cibiyar finafinai ta ƙasa, CNCN, tana nan tun 2008. Abin da ake jira a gani shi ne kasafi mai suna da adadi, wanda za a buga kowa ya karanta, da kwamitin zaɓe da ba na ƴan uwa da abokai ba.

Attajiran Adar su ma maganar ta shafe su. Mutanen da ke cika tireloli da albasa zuwa Abijan da Akara, waɗanda ke zuba kyauta a filin kokowa a gaban jama'a, ba za su gaza ɗaukar nauyin fim guda ba, ko majigi guda da zai zaga Tabalak, Bagga, Keita da Cintabaradan da finafinan Mustafa Alasan a ranakun kasuwa. FESPACO ta 30 tana tafe a 2027, kuma ana rufe karɓar finafinai watanni kafin buɗewa. Fim ɗin da za a gani a jerin wancan biki, in akwai shi, a wannan rani ya kamata a ce ana ɗaukarsa.