Fiya-fiya ba maganin kare ba ne

Ƴan kasuwar Matameye, maza da mata, karen da ke gadin shago da garke yana da hakki a kanmu. In ƙuma ta addabe shi, wasu sai su yayyafa masa fiya-fiya. Wannan ganganci ne. Gubar tana ratsa fata, tana iya kashe karen, ta illata yaron da ya taɓa shi.

Mu nufi ma'aikatar kiwo, likitan dabbobi ya ba da magani daidai nauyin karen, kamar fipronil da ake ɗigawa a ƙeya. A riƙa share makwancinsa ana ƙone sharar, domin ƙwayayen ƙuma a ƙasa suke zuba.

Masu saida fiya-fiya, ku gaya wa mai saye gaskiya. Riba ba ta kai ran yaro ba.