Mota na karkarwa a tsaye? Ƙara silo ba magani ba ne

Duk wanda cunkoso ya taɓa tsayar da shi a bakin kasuwar Malanville ya san irin wannan motar: tana tsaye, inji na kunne, sitiyari na rawa kamar mai zazzaɓi, can sai ta mutu. Haka ta ƙanena ta yi, tsohuwar motar gudu mai ƙofa biyu da ya ɗauko daga Kwatano. Makaniken farko ya ce a ƙara mata silo. Na biyu ya ce a cire injekta gaba ɗaya a sa kafireta. Ni dai ina ganin duka biyun ɓoye ciwo ne.

Injin injekta lissafi yake yi. Na'ura na auna iskar da ke shiga, ƙwaƙwalwar mota ta feso mai daidai da ita, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. In inji ya yi zafi, silonsa yakan zauna tsakanin juyi 600 zuwa 900 a minti. A wannan ɗan gudun iskar da yake sha kaɗan ce, shi ya sa ƙaramar tsaga a tiyo ke rikita lissafin. A kan hanya ba za ka ji komai ba, sai ka tsaya.

Don haka a fara daga mai araha. A duba filtar iska, don ƙurar hunturu ba ta raga mata. A bi tiyoyin roba ɗaya bayan ɗaya, a saurari inda iska ke tsiyaya, zafin garin nan na busar da roba. A wanke bakin totur da bawul ɗin silo in baƙin datti ya taru. A ciro fulogi a ga launinsu, a gwada koyil. Sai an gama wannan a zo kan filtar mai, famfon mai da nozul.

Nan kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yawancinmu kpayo muke sha a kwalba, har bayan da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya yi tsada. Ba kowane mai sayarwa ke algus ba, amma man da ya bi jarka da mazurari a fili yakan kwaso ƙasa da ruwa. Ramin nozul kuwa ɗan mitsitsi ne.

Na san abin da za a ce: kafireta kowa ya iya ta, na'urar gwaji kuma ba a kowane gareji take ba. Haka ne. Amma motocin fetur da aka sayar a Turai tun daga 2001 suna da wurin jona na'urar da ke karanta matsalar inji, akwai ma ƙananan da ke aiki da waya. Sayen ta ya fi wa maigareji riba a kan lalube. Shi kuwa silon da aka ƙara, kullum a aljihunka yake ci.

Motar ƙanen nawa, tiyo ɗaya ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kai. Da an biye wa na biyu, da an yanke mata wayoyi a banza. Malam mai mota, kafin a kwance maka komai, tambayi makanike: me ka gwada, me ka gani?