Hoton bara shi ne mashaidin hoton bana

Duk shekara idan Oktoba ya kama, Libreville takan yi ado da ruwan hoda. Shekaru ke nan ana gangamin Octobre Rose a Gabon, ana kiran mata su fito a duba su game da sankarar mama da ta bakin mahaifa. Matanmu na Alibandeng da kewaye sun fara amsa kiran, kuma abin a yaba ne, domin mun san irin nauyin da Bahaushiya take ji kafin ta yarda wani ya duba ƙirjinta. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba: bayan an ɗauki hoton, ina yake kwana?

Hoton mama, wanda likitoci ke kira mamogirafi, yawanci guda huɗu ne, biyu ga kowane ɓangare. Likitan hoto yana neman ƙullutu, ko wasu ɗige-ɗige farare da ba su kai ƙwayar gero ba. Wahalar aikin ita ce kowace mace da irin zanen jikinta. Inuwar da ta shekara biyar a wuri guda ba ta motsa ba, galibi ba abin tsoro ba ce. Wannan inuwar dai, idan babu ita shekara biyu da suka wuce, tana iya sa a ce a yanki tsoka a auna. Shi ya sa likita yakan fara da cewa, "Ina hotunan baya?" A Faransa, inda tun 2004 ake gayyatar mata 'yan shekara 50 zuwa 74 duk bayan shekara biyu, ana jaddada wa mace ta zo da tsofaffin hotunanta. Macen da ta zo hannu rabbana ta bar likita da ido ɗaya.

A nan ne halinmu ya sa lamarin ya fi tsananta a kanmu. Mu mutanen hanya ne. Yau mace tana Libreville, gobe biki ya kai ta Oyem ko Bitam, baɗi tana Garwa, Kano ko Maraɗi. Kuma idan ciwo ya yi nauyi, maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin dangi ita ce a kai ta gida. Sai ta isa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, ba ta ɗauke da komai sai "sun ce akwai ƙari". Dole a koma farko: sabon layi, sabon hoto, sabon kuɗi, ga makonni suna tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2021 kan sankarar mama, ta sa ƙa'idar a kammala gano ciwon cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Ambulan guda da aka manta a ƙarƙashin katifa yana iya cinye rabin waɗannan kwanaki. Hukumar ta ce a 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka samu da ciwon, kusan 670,000 suka rasu, kuma a ƙasashenmu jinkiri ne babban abokin aikin ciwon.

Wani zai ce ai ga waya. Gaskiya ne, yanzu da yawanmu kan ɗaga hoton saitin taga, su ɗauka da waya, su tura wa wani ɗan uwa likita ta WhatsApp. Niyyar mai kyau ce, amma hoton da ya isa can ya riga ya zube. Injin asibiti yana ajiye hoto a tsarin da ake kira DICOM, wanda ke riƙe da dubban matakan haske da duhu, tare da sunan mai hoton da ranar ɗauka. Waya tana matse shi, ɗige-ɗigen nan da ake nema su ne farkon ɓacewa. Likitan kirki ba zai yanke hukunci a kan irin wannan ba. Wanda ya ce "ba komai" daga kallon waya ya ɗauki alhakin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma batun sirri. Hoton ƙirjin mace, da sunanta a jiki, ba kayan zauren dangi ba ne da kowa zai buɗe yana tofa albarkacin bakinsa. Dokar Gabon mai lamba 001/2011 ta kare bayanan mutum, har da na lafiyarsa, amma tun kafin doka mun san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mace guda da labarinta ya zaga unguwa ta isa ta hana goma fitowa a Oktoba mai zuwa. Ita ke da hotonta, ita za ta ce wa za a nuna wa, ko da miji ne ya biya kuɗin.

Hukuma ma tana da nata kason. Asibitocin duniya sun daɗe suna da rumbun hotuna na kwamfuta, PACS, inda likita ke buɗe tsohon hoto daga kujerarsa. Tun 2016 Bankin Duniya ya sa kuɗi a shirin eGabon don gyara tsarin bayanan lafiya na ƙasar nan. Abin da muke nema ba shi da yawa: hoton da aka ɗauka a CHUL, ko a Jeanne Ebori, ko a Oyem, likitan cibiyar sankara ta Angondjé ya iya buɗe shi ba tare da an sa marar lafiya yawon taksi ba. Wannan ya fi muhimmanci ga waɗanda ba su da katin CNAMGS, masu biyan kowane hoto daga ribar kasuwar Mont-Bouët.

Amma ko an gina wannan rumbu gobe, iyakarsa kan iyakar Gabon, mu kuwa tafiyarmu ta wuce nan. Don haka ajiya ta koma hannunmu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wadda aka yi wa hoto ta nemi rubutaccen sakamako, ta kuma tambaya ko za a sa mata hotunan na asali a faifan CD ko a makullin USB. Laimar Libreville tana cin fim da takarda, sai a sa su cikin leda mai rufi, a tsaye, nesa da zafi, a rubuta shekara a bayan ambulan. 'Ya'yanmu masu ilimin boko su kwafi faifan a ajiye a wuri na biyu.

Kada bambancin harshe ya tsorata kowa. A ƙarshen sakamakon akwai lamba: abin da likitan Libreville ya rubuta ACR, shi likitan Kano ke kira BI-RADS, ma'aunin ɗaya ne. 1 da 2 na nufin ba a ga abin damuwa ba, 3 a dawo nan da 'yan watanni a sake dubawa, 4 da 5 a yanki tsoka ba tare da ɓata lokaci ba. Wadda ta ga 4 ko 5 a takardarta, ta fara zuwa wurin likitan da aka tura ta kafin a soma shawarar tikitin jirgi.