Wasiƙar Ankara: Baƙin Tafkin Sakumo

Zuwa ga Edita,

A wannan mako kukan waɗansu baƙi na kawo, su da ba su da bakin faɗa.

Tsakanin Ankara da Tema akwai wani tafki a bakin teku, ana ce da shi Sakumo. Kowace shekara, wajen watan Satumba, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sukan sauka nan daga arewacin Turai da Sibiriya, gudun sanyi. Su yi ta tonon tsutsa cikin taɓo har su yi ƙiba, sa'an nan wajen Afrilu su koma gida su yi ƙwai.

A 1992 aka sa tafkin nan cikin alkawarin Ramsar, watau Gana ta ɗauki amanar tsaronsa. Amma ran Asabar da na je, na tarar ana cike bakinsa da jar ƙasa, ana gina gidaje. In taɓo ya ƙare, tsuntsu ya rasa guzuri, sai ya hallaka a hanya. Ruwan damina kuwa, in ya rasa masauki, cikin gidajen nan zai kwana.

Jama'a, kada araha ta ruɗe mu mu sayi fili nan. Malamai, ku hana yara ɗana musu tarko. Baƙo raɓa ne, amma yana da hakki.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Tema