Ciniki Ba Tare da Sallama Ba

Alhajin da ya shiga kasuwar dabino a Madina ba ya fitowa da ajwa kaɗai. Sai an gaisa, an ɗanɗana, an yi tayi an ƙi, an ƙara, kafin a sallama. Wataƙila ma ya ji Hausa a bakin ɗan garin wanda kakanninsa suka zo hajji a ƙafa daga Kano. Mai gaggawa zai kira wannan ɓata lokaci, alhali shi ne rabin amfanin kasuwa.

Masu wasannin intanet sun ɗanɗana rashinsa. A wasan Second Life, wanda aka buɗe a 2003, 'yan wasa kan gina shaguna a wata duniya ta kwamfuta, masu saye su yi ta zagayawa suna hira. A 2009 kamfanin Linden Lab, mai wasan, ya sayi shafin Xstreet, inda mutum zai zaɓi riga ya biya bai taka shago ba. Sauƙi kam ya samu. Amma ya zo da tsada: masu shaguna da dama suka ga babu dalilin biyan hayar fili, suka naɗe tabarmarsu, unguwanni suka yi tsit. Hayar nan kuwa, a ƙarshe aljihun kamfanin take shiga.