Bargon ƙyallaye a hanyar Yamai

Da fatan kowa ta zuba nata na wannan sati.

Wadda ta taɓa shiga mota daga Maraɗi zuwa Yamai ta san dogon zama: kilomita sama da 600, a tashi da asuba, sai yamma a sauka. Da can barci nake yi, in farka wuya ya sage. Bara da aka kira mu horo har sau uku, sai na fara tafiya da ƙyallaye ina harhaɗawa. Telan unguwarmu sharewa yake yi ya zubar. Na roƙa, ya tara mini buhu guda kyauta.

Wanki da yanka a gida ake yin su. Ki wanke tukuna, don wata atamfar tana zuba, ta ɓata maƙwabtanta. Ki yanka kowane ƙyalle kamar faɗin tafin hannu, duka girma ɗaya. Kuma ki zura zare a allura biyar ko shida tun daga gida, ki soke su a tsumma. Ni da ban sani ba, daga Gidan Rumji har Madawa ina neman kafar allura, mota na jijjiga, matar da ke kusa da ni tana ta dariya. In akwai yaro a gefenki, ki haƙura sai an tsaya salla a Konni ko Dosso. Shafin baya kuwa, tsohon zane ne, shi ma sai a gida bisa tabarma.

To, ga abin da ya sa na kawo zancen. Da na kai bargon wurin taronmu, wata ƙanwarmu ta ce ita ma za ta ɗauki rancen jika goma a asusu ta shiga sana'ar. Na ce bari mu yi lissafi. Ƙyalle 300 ne a jikinsa, wata huɗu na yi, da na hanya da na dare bayan yara sun kwanta. Wata ta taya shi jika biyar, kuma ba ta raina ni ba, tunda ga bargon gwanjo nan jibge a kasuwa. Rancen asusu ba ya jiran wata huɗu. Mai ƙosai tana juya kuɗinta kullum safiya, mai allura fa? Ranar biya ta zo, bargo bai kai rabi ba, sai a sayar da akuya.

Ta ji haushina, wallahi, sati biyu gaisuwarmu sama-sama. Amma kuɗin mata talatin ne a akwatin nan, ba nawa ba. Mai keken ɗinki zancenta daban: ita tana iya haɗa rigar matashin kai ko shimfiɗar jariri a yini guda, a sayar gidan suna. Wannan sai mu zauna mu duba.

Nawa dai ban sayar ba. Akwai guntun zanen marigayiya innata a tsakiya, da na ankon bikin ɗiyata ta fari. Auta ce ta rufa da shi duk hunturun bana. Na biyu ya kai ƙyalle 80, kuma wata mai zuwa akwai tafiya Damagaram. Wadda take da ragowar atamfa mai shuɗi ta taho mini da ita ranar zubi.